Daga shigowar bazara zuwa komawa makaranta: ta yaya mai albashi zai riƙe kuɗinsa?

Malamin Tudun Jukun:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena. Ina neman shawararku a kan wani abu da na daɗe ina lura da shi a gidana, kuma na tabbata ba ni kaɗai yake damu ba. Ni ma'aikaci ne mai jiran albashin ƙarshen wata, ina zaune a gidan haya a nan Zariya da mata ɗaya da yara huɗu, uku daga cikinsu suna makaranta. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu albashin yakan kai mu, ko da kuwa da ƙyar ne, amma da zarar zafi ya shigo a watan Maris sai lissafi ya fara kwancewa, ba ya kuma sake ɗauruwa har a koma makaranta a watan Satumba, lokacin da nake tarar da kaina da bashin mai shago da na abokan aiki.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da za a ce in nuna wani babban abu guda da na saya a cikin waɗannan watanni, ba ni da shi. A bazara kuɗin yana tafiya ne a ƙanƙara da ruwan leda, da kurar 'yan garuwa idan rijiyar gida ta ja baya, da man janareta don yara su sami fanka su yi barci. Kafin a farfaɗo daga wannan, ga shi azumi da salloli sun matso cikin wannan tsakani a 'yan shekarun nan, domin Babbar Sallah ta 2024 ta kama ranar 16 ga Yuni, ta 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, wato daidai lokacin da nake neman kuɗin taki don 'yar gonar masarar da nake nomawa ta wajen Dakace. Daga nan damina ta kankama, tumatir da gawayi su yi tsada, ɗaki ya fara yoyo, a ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, yara su wuni a gida, tukunya ta dinga hawa murhu babu ƙaƙƙautawa. Ga kuma bukukuwa, domin mutane da yawa suna ajiye ɗaurin aure sai lokacin hutu ko bayan Sallah, kowane biki kuwa yana zuwa da anko da gudunmawa da kuɗin mota.

Ba tambaya nake yi a kan yadda zan ƙara samu ba, wannan magana ce ta daban. Abin da nake so in sani shi ne, ta wace hanya mutum zai kai ga duk abin da ya fita daga aljihunsa a waɗannan watanni shi ne ya yanke shawarar fitarsa tun farko, ba wai sai bayan an kashe ya zauna yana tambayar kansa ina kuɗin suka shiga ba. Ina roƙon waɗanda suka fi ni shekaru da waɗanda suka san kasuwa su taimaka mini da abin da suka gwada suka ga ya yi aiki.

Dattijon 'Yan Hatsi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta abin da ka rubuta a tsanake, kuma abu na farko da zan ja hankalinka a kai shi ne, a cikin duk abin da ka lissafa babu ko ɗaya da ya zo maka ba zato. Zafin Afrilu yana zuwa kowace shekara, markar Agusta tana zuwa kowace shekara, kuɗin zangon farko yana jiranka a Satumba tun kafin ka biya na zango na uku, Sallah kuwa tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, wanda ke duba kalanda ya san inda za ta faɗa tun da wuri. Saboda haka abin da ke damunka shi ne kana lissafinka wata-wata saboda haka ake biyanka, alhali kasuwa lissafin shekara take yi.

Kowane kaya yana da lokacin arharsa. Masara da dawa da wake suna sauka ne a kaka, daga Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da manoma ke fito da su a Giwa da Soba da Saminaka da Anchau don su biya bashin taki su yi hidimar gida, suna kuma hawa ne a tsakiyar damina idan rumbuna sun yi ƙasa kafin sabon amfani ya shigo. Tumatir da tattasai da albasa na noman rani suna cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, har ka ga kwando na lalacewa a hannun mai shi, amma daga Mayu zuwa Yuli sai a sayar maka da 'yan ƙwayoyi a faranti da kuɗin da da can za ka cika bokiti. Iyayenmu mata sun san wannan, shi ya sa suke yanka tumatir su shanya kauɗa, su busar da tattasai da kuɓewa, su daka kuka su ajiye. Gawayi da itace a Afrilu ake sayensu, suna bushe, kafin ruwa ya jiƙa su hanyoyin daji kuma su lalace. Kwanon da ke yoyo ma a Afrilu ake kiran kafinta ya duba shi, lokacin da ƙusa da ɗan faci za su wadatar, domin idan aka bari har ruwan Agusta ya ci silin ya sauka a kan katifa, gyaran ya zama na abu uku.

Game da hatsi, kada ka saya da ka. Ka sa uwargida ta auna abin da kuke ci a mako, tiya nawa ta masara, nawa ta wake, nawa ta shinkafa, sannan ka ninka zuwa watannin da kake son rufewa. Buhun masara cikakke yakan ɗauki wajen tiya 40, to daga nan za ka san ko buhu biyu ne zai kai ku sabon amfani ko uku. Ka tabbatar hatsin ya bushe sosai, ka ciza ƙwaya ka ji ta fashe da ƙara, ba ta lotsa ba. Ajiya kuwa, ina ba ka shawarar buhun PICS, wanda yake da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban don iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an sa magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, da wake aka fara, yanzu har masara ake zubawa. Ya fi ƙwayar maganin da wasu ke jefawa cikin buhu su ajiye a ɗakin da yara ke kwana, wadda guba ce ta gaske. Ka ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada kuma ɓera ya huda ledar, in ta huje aikin ya ɓaci.

Sai dai akwai abin da amana ta sa dole in faɗa maka. Ba kowace shekara ce ajiya take biya ba. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, mutane suka ga haka suka zuba kuɗinsu a hatsi a kakar da ta biyo baya, wasu har da bashi. A watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, aka kuma sami amfani mai kyau, sai ga farashi ya sauko a 2025, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Na ga wannan da idona a layinmu. Don haka ka sayi abin da gidanka zai ci kawai, domin ko farashi ya faɗi ba ka yi asara ba tunda tuwo za ka yi da shi, kasuwancin ajiya kuma ka bar wa masu jarinsa.

Maganar gonarka ta Dakace ita ce na fi jin tsoro. Ma'aikata da yawa suna noma ne don a ce suna noma, ba su taɓa zama sun haɗa kuɗin huɗa da iri da maganin feshi da 'yan ƙwadago da taki da man babur na zuwa da dawowa sun gwada da buhunan da suka ɗauko ba. Masara ba ta yafe taki. Tana son takin kamfa cikin mako biyu da shuka, tana son yuriya wajen mako na biyar zuwa na shida, wanda ya makara kuwa ko ya zuba daga baya ya riga ya rasa wani kaso na amfanin. Idan ka san kuɗinka ba zai ciyar da gonar duka ba, ka noma iya inda takinka zai kai, sauran ka sa waken suya wanda ba ya neman yuriya kamar masara, ko ka ba wani aro. Takin kuma ka saye shi kafin ruwa ya zauna, lokacin da ba a yi masa rububi ba. Kana zaune kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, inda ake fitar da irin masara na SAMMAZ, bai kamata ka shuka abin da ka tsinta a kasuwa ba tare da ka tambayi wanda ya dace da ƙasarka ba.

Uwar Adashe, Tudun Wada:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya rufa asiri. Baba ya yi magana ta masu sani, ni kuma zan taɓo ɓangaren cikin gida, domin na lura a duk rubutunka sau ɗaya ka ambaci matarka, wajen ƙidayar mutanen gida. Mafi yawan kuɗin da kake cewa ba ka san inda suka shiga ba ta hannunta ko ta gabanta suke wucewa, kuma ina tabbatar maka ta fi ka sanin inda suke zurarewa. Idan ba ka zauna da ita ka faɗa mata gaskiyar abin da kake ɗauka da abin da ke jiranku a Satumba ba, duk tsarin da ka yi kai kaɗai zai tsaya ne a takarda. Mace idan ta san iyakar abin da ke akwai ta iya jan zarensa, amma idan kullum da safe ake miƙa mata kuɗin cefane ba ta san na gobe ba, ba ta da dalilin tattali, kuma dole ta yi sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa, man ƙulli da magin ƙirge, wanda shi ne saye mafi tsada. Ka mayar da cefanen na mako, ka bar abin da ta rage ya zama nata, za ka ga bambanci.

A kan ƙanƙara, yi wannan lissafi da kanka. A ce gida yana kashe naira 1,000 a rana a ƙanƙara da ruwan leda da lemon kwalba, wanda ba abin mamaki ba ne a gida mai mutum shida a watan Afrilu. A wata uku na zafi ya zama naira 90,000, ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ba na cewa a bar yara da ruwan zafi a lokacin da ko babba numfashi yake da ƙyar, amma randa biyu a inuwa, a kan jiƙaƙƙen yashi, an rufe su da faifai, suna ba da ruwan da ke kashe ƙishi fiye da na firji. Ƙanƙarar a saya sau ɗaya da yamma a sa a kula, a yi zoɓo ko kunun zaƙi ko na tsamiya a gida, kowa ya sha ya ƙoshi da kuɗin da bai kai na lemo uku ba. Idan ruwa ya sauka kuma, duro biyu a ƙarƙashin indararo sun raba ka da 'yan garuwa wajen wanki da wanka.

Dogon hutu kuwa, ba abincin ne ke cin kuɗi ba kamar zaman banza. Yaron da ya wuni a ƙofar gida duk mai tallan da ya wuce sai ya shigo ya ce a ba shi, awara ce, gyaɗa ce, dafaffiyar masara ce, alewa ce, kuma uwa ba ta iya hanawa sau goma a rana. Ka tsara musu wuni tun kafin a ba da hutun: Islamiyya ko hadda da safe, babban ka kai shi wurin tela ko mai gyaran waya ko kafinta da ka yarda da tarbiyyarsa, mace ta zauna wurin mai ɗinki ko saƙa. Lesin da makarantu ke shiryawa a hutu ka dube shi da idon basira, wanda ke shirin jarrabawar fita ya cancanta, amma ɗan aji biyu na firamare kai da kake malami ka fi kowa iya zama da shi rabin awa bayan Magariba.

Yanzu bari in zo kan biki, inda mu mata ake ɗora mana laifi, kuma wani lokaci da gaskiya. Anko ba farilla ba ne, sai dai ƙin yinsa yana da ciwo idan aka bari sai an kawo atamfar gida sannan a ce babu. Abin da muke yi a gidanmu shi ne, tun farkon wata mun san adadin da aka ware wa gudunmawa da barka da gaisuwa, mun kuma san waɗanda hidimarsu ta zama dole, wato 'yan uwa na jini da maƙwabta na kusa da waɗanda suka yi mana a lokacin namu, wanda kowace mace tana da shi a rubuce ko a ka. Wanda ya fita daga wannan, a je da ƙafa a yi Allah sanya alheri, a kama aiki a gidan bikin, wannan ma zumunci ne, kuma an fi tuna wanda ya tsaya a kan tukunya da wanda ya sa anko ya zauna a kujera. Sallah ma haka, ɗinkin yara a kai wa tela wata biyu kafin lokaci. Layya malamai sun ce a kan mai hali take, ban ga dalilin cin bashin rago a watan da ake neman taki ba, idan nama ake so yara su ci a shiga watanda da mutanen unguwa.

Baba ya ce a sayi hatsi a kaka, mai karatu zai ce da wane kuɗin. Amsar ita ce adashe, amma adashen da aka shiga da niyya. Kafin ka fara zubi ka san me za ka yi da kwasar, ka kuma nemi a ba ka watan da ya dace da shi: ƙarshen Agusta idan kuɗin makaranta ne, Nuwamba idan hatsi ne, Afrilu idan taki ne. Wanda ya kwasa a watan da ba shi da wata hidima a gabansa, wallahi kafin mako biyu kuɗin sun bi iska, ya koma yana zubi yana jin haushi. Ka kuma sani cewa a lokacin tsada na ƙarshen layi yana karɓar kuɗin da darajarsu ta ragu, don haka adashe mai gajeren zagaye, na mutum biyar ko shida da ka san inda kowannensu yake kwana, ya fi wanda zai shekara yana juyawa.

Mai POS na Samaru:

Yaya Malam, ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar Baba da Hajiya in ƙara abin da nake gani a teburina kullum. Ka ce ba ka san inda kuɗin suke shiga ba, ni kuwa ina ganin a rubuce suke, ba ka dai karanta ba ne. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kusan kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har mai shayi da mai kayan miya suna da lambar asusu a manne. Wannan ya sauƙaƙa rayuwa, amma ya cire nauyin da mutum ke ji idan ya zaro takarda daga aljihu ya ga saura nawa. Ka nemi bayanan asusunka na Maris zuwa Mayu, ka zauna da biro ka raba su gida-gida, abinci, mai, kati da data, taimako, da sauransu. Awa ɗaya zai ɗauke ka, kuma ina kyautata zaton abin da zai fi ba ka mamaki ba ƙanƙara ba ce, ƙananan turawa ne na dubu biyu da dubu uku ga mutanen da suka kira ka a waya.

Akwai kuma abin da ake cira wanda ba a jinsa. Duk tura kuɗi ta naira 10,000 zuwa sama akwai harajin naira 50, wanda tun Disamban 2024 ya haɗa har da masu amfani da OPay da Moniepoint da PalmPay. Lambobin banki da ake dannawa a ƙaramar waya ana cajin naira 6.98 a kowane shiga. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, yara kuma a hutu su ne masu riƙe wayar uwarsu. Wanda yake zuwa wurina sau biyar a mako yana cirar dubu uku-uku yana biyana sau biyar, alhali da ya cira sau ɗaya ya ba uwargida na mako kamar yadda Hajiya ta ce, da sau ɗaya zai biya. Cinikina nake ragewa da wannan magana, amma gaskiya ce. Manhajojin bashi na waya kuwa, kada ka kusance su ko da wasa a watan Agusta, ruwan da suke ɗorawa a mako biyu ya wuce hankali, ban da abin da addini ya ce a kai.

Abin da zan ba da shawara shi ne asusu na biyu wanda ba shi da kati, ba ka kuma sa manhajarsa a waya ba. Ranar da albashi ya shigo, kafin ka bar inda kake, ka tura kason makaranta da na haya can, ta yadda fitar da su sai ka taka zuwa banki ka bi layi. Wahalar layin ita ce mai gadin kuɗin.

A wuri ɗaya nake da ɗan saɓani da Baba, cikin ladabi. Sayen komai a lokacin arha yana buƙatar kuɗi a dunƙule, mai albashi kuwa ba zai iya hatsi da taki da gawayi da gyaran kwano duka a shekara ɗaya ba, in ya gwada zai koma bashin da yake gudu. Gara ya zaɓi guda bana, ya ƙara wani baɗi. Ni da za a tambaye ni, da janareta zan fara. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. A ce lita ɗaya kake ƙonawa kowane dare don fanka, ka ninka da dararen bazara ka gwada da kuɗin fanka mai caji da ƙaramin faifan sola. A watan Disamba ko Janairu ake sayenta, lokacin da sanyi ya sa babu mai nemanta.

Ma'aikaciyar Jinya:

Malam, gyara ɗaya nake da shi a kan abin da aka faɗa, da kuma roƙo ɗaya. Ruwan indararo ya yi kyau don wanki, amma kada a sha sai an tafasa ko an sa masa sinadarin tsarkake ruwa, a kuma bar ruwan farko ya wanke kwano ya zube, duron kuma a rufe shi don kada ya zama gidan sauro. Damina ita ce lokacin amai da gudawa, ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba ma gara a sanyaya abin sha da ita daga waje, kada a jefa ta ciki.

Roƙon kuwa, duk tsimin da za a yi kada ya taɓa gidan sauro da kuɗin asibiti. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ne ke cika mana gadaje, kuma abin da ke cinye kuɗin iyali shi ne a yi kwana uku ana sayen magani a kemis ba gwaji, sai yaro ya galabaita a kawo shi yana neman ƙarin jini. Gwajin gaggawa na ɗigon jini minti 15 zuwa 20 ne. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59 suka zo gida a watannin damina, kyauta ne, a karɓa a kuma cika na kwana ukun. Tunda kai ma'aikaci ne, ka bincika matsayinka da na iyalinka a tsarin inshorar lafiya, ko KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, idan kai ma'aikacin jiha ne, ka san asibitin da aka rubuta maka tun kowa yana lafiya.

Malamin Tudun Jukun:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da bayanan asusu da zama da uwargida, adashe kuma zan nemi kwasar ƙarshen Agusta. Sai dai Baba, akwai abin da ya rage mini. Ni ne mai albashi a gidanmu, kuma watan Agusta shi ne lokacin da 'yan uwa daga ƙauye suke zuwa, abinci ya ƙare musu, sabo bai nuna ba. Idan suka shigo suka ga buhu a jingine, ba ni da bakin cewa babu, ba na kuma son in zama mai ɓoye abinci ga ɗan uwansa. Yaya ake haɗa wannan da ajiyar da ka ce?

Dattijon 'Yan Hatsi, Sabon Gari:

Ɗana, ba a ɓoyewa, lissafa su ake yi. Zuwansu a Agusta ma ai sananne ne kamar markar kanta, ka san su, ka san gidaje nawa ne. Idan gidanka buhu biyu zai ci, ka sayi biyu da rabi a kaka, rabin nan tun ranar saye ba naka ba ne, ka zuba shi a buhunsa daban, ka kuma gaya wa uwargida na wane ne don kada ranar bayarwa ta ga kamar daga bakin 'ya'yanta aka cira. Tiya biyar da ka saya a Nuwamba ka miƙa a Agusta ta fi kuɗin da za ka tura ta waya amfani a wurinsu, kai kuma ta fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Idan buhun ya ƙare ka faɗa musu gaskiya cewa na rabo ya ƙare, saura na yara.

Waɗanda suke noma a cikinsu kuma, ka fi taimakonsu a watan Yuni da rabin buhun yuriya ko kuɗin noman farko, ku yi magana a fili cewa za su kawo maka kaza a kaka, a gaban wani babba na gidan. Buhunan PICS ɗin ka saya tun Oktoba, ka hura iska cikin kowace leda ka matse ka ga ba ta da huji kafin ka biya.